Haƙori Ɗaya

Malam Yila ya shigo garejinmu na Bolari
ana kiran azahar, rana ta dafa kwalta.
Ya kashe Kamarinsa a gindin dalbejiya,
ya ce, "Bappayo, sau uku ana ɗura mata gas,
sau uku kuɗina suna bin iska.
Gefena sanyi kamar randar ƙasa,
gefen fasinja tanderun mai burodi."

Ban taɓa kwamfiresa ba, ba ta da laifi.
Wadda ta ba ka sanyi a hagu
ba ita ke hana ka a dama ba.

Na ce ya tayar. Na ce kowa ya yi shiru,
har Manu da rediyonsa.
Na murɗa maɓalli daga ja zuwa shuɗi,
na manna kunne a jikin dashbod.
Ƙas. Ƙas. Ƙas-ƙas-ƙas.
Kamar ɓera ya samu ƙwarya a duhu.

Akwai 'yar ƙofa a can ciki, Malam,
ba ta kai tafin hannu ba.
Nan zafin inji, can sanyin gas,
ita ce a tsakani tana surki
irin na ruwan wankan jariri.
Wani ɗan moto ke tura ta, ya janyo ta.
Shi nake zargi.

Na kwanta rigingine, kaina a mazaunin ƙafa,
ƙafafuna a waje, tocila a baki,
ɓawon gyaɗa yana sukar ƙeyata.
Sukurori uku: biyu sun fito girma da arziki,
na ukun sai da ya ci fatar yatsana.

Mita ta ce wuta tana zuwa, sha biyu cif.
Fis lafiya, waya lafiya.
Na jona shi da batir kai tsaye, ya juya.
Na sauya wayoyin, ya juyo,
ya zo rabi, ya cije,
ya hau karkarwa a wuri ɗaya.
Na ɓare shi bisa gwiwata:
farar giya ta roba, girisi ya bushe,
haƙori ɗaya babu.
Na tsince shi a lungu, bai kai ƙwayar riɗi ba.

Na ɗora masa a tafi. Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Tun watan Maris Inna ke zama a nan.
Litinin da Alhamis, daga Kaltungo,
wankin ƙoda.
In na ce, sanyin ya isa?
Sai ta ce, ya isa.
Ina ganinta tana fifita da katin asibiti,
na ɗauka sabo ne irin na tsofaffi.
Sai jiya da ɗana ya karɓi tuƙi
na zauna a kujerarta."

Babu wanda ya tanka.

Manu ya hau acaɓa, ya dawo da na Beljiyam.
Ban ɗaura ba sai da na gwada shi a hannu:
ya tafi iyaka, ya dawo iyaka,
babu gardama, babu ƙas.
Na mayar da sukurori, har mai cizon nan.

Malam Yila bai koma sitiyari ba.
Ya zagaya dama, ya rufe ƙofa,
ya kara tafinsa a bakin iska.
"Ƙara." Na ƙara.
"Rage." Na rage.
"Ina jin ta fi son kaɗan-kaɗan.
Ban sani ba. Zan tambaye ta da kyau."
Ya naɗe haƙorin a cikin rasit,
ya sa a aljihun gaba.

Ina wanke hannu da fetur da omo
idona ya faɗa kan Manu
yana tattara sifanu a rana,
yaron da kullum in na ce, kuɗin abincin sun isa?
yake cewa, sun isa, Oga.